Daga Zaure Zuwa Wusasa: Tarihin Isawa A Taƙaice

Duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya ji labarin Ningawa, amma galibi labarin hari da yaƙi ne kakanni suke ba mu. Akwai wani ɓangare na tarihin duwatsun Ningi da ba a cika faɗa ba, wato labarin mutanen da ake kira Isawa.

Asalin al'amarin daga birnin Kano yake, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Wani malami mai suna Malam Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa (Alaihissalam), har ya riƙa fifita shi a cikin karatun da yake ba almajiransa. Malaman gari suka ga abin ya saɓa wa tafarki, magana ta kai fada, aka nemi ya janye, ya ƙi. Wajen shekarar 1867 aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wadda tun zamanin Malam Hamza na Tsakuwa ta zama mafakar waɗanda suka saɓa da fadar Kano, wasu kuma suka bazu a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi.

To, a nan ne abin lura yake. Mutanen nan ba su da shugaba guda, ba su da ginin taro, ba su da baitulmali. Ba kuma Kirista suke kiran kansu ba. Duk da haka koyarwar ta rayu fiye da shekara 40. Dalili kuwa shi ne sun riƙe hanyar da Bahaushe ya saba da ita tun fil azal: malami da almajiransa kaɗan a zaure, uba da 'ya'yansa a tsakar gida. Wanda ya koya yau, gobe idan fatauci ko neman gona ya kai shi wani gari, sai ya shimfiɗa tasa tabarmar. Abin da ba shi da kai guda, da wuya a sare shi.

A can Zariya kuma, Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya zo Kano tare da Bishop Tugwell a 1900 Sarki Alu ya sallame su, ya samu zama a birni tun 1905. Ya yi shekaru yana makaranta da ba da magani, mabiyansa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu samari daga zuriyar Isawa suka iso wurinsa, suka ba shi labarin mutanensu. Daga nan da yawa daga cikinsu suka karɓi addinin Kirista.

Mishan ta ga ya fi sauƙi a tara su wuri guda, sai aka kafa musu ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, aka ɗora wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya kula da su. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawansu, ragowar suka koma Zariya. Jama'ar da ta tsira shekara da shekaru a warwatse, sai ga shi taruwa ta kusa ƙarar da ita.

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da kuma namu na rubutu, John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya sha aiki a kansa, ya fito a 1932.

Wani abin mamaki, hanyar zauren nan ta sake dawowa. Wajen 1964 majami'un Arewa suka fara shirin Sabon Rai Don Kowa daga Jos. Ginshiƙinsa shi ne 'yan ƙananan rukunin addu'a a gidaje, da manoma da 'yan kasuwa masu fita bibbiyu, ba tare da jiran fasto ko Bature ba. Ta irin wannan hanya majami'u da dama suka tsiro a ƙauyukan Maguzawa.

'Yan'uwa marubuta, ko mutum ya yarda da aƙidar Isawa ko bai yarda ba, tarihin ƙasarmu ne, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kansa da Turanci yake, irin binciken Ian Linden. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna ta ƙarewa. Daga Gwaram zuwa Ningi ba wata tafiya ba ce, littafin rubutu da biro kuma ba su fi ƙarfin aljihun malamin makaranta ba.