Daga Majigi Zuwa Gajeren Fim: Mutuwa, Gida da Iko a Ƙauyukan Arewacin Kano

Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Makarantar Koyon Fim ta Jos sukan shirya gajerun finafinai cikin aikin karatunsu, sau da yawa kuwa labarin yakan faɗa kan rasuwa, da ɓarakar gida, da zaluncin mai iko. Waɗansu malamai suna ɗauka wannan koyi ne da Turawa. Nufin wannan takarda a nuna abin yana da saiwa a ƙasarmu, musamman a karkarar Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona.

Tun kafin hoto mai motsi, samarin karkara suna da wasan kalankuwa bayan kaka, inda sukan naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai, su kwaikwayi shari'a da karɓar haraji. Watau talaka ya daɗe da sanin yadda zai faɗi maganar iko cikin raha ba tare da an kama shi ba.

Hoton da ya fara isa ƙauye kuwa na hukuma ne. Cikin 1939 Ingila ta kafa ofishin shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers. Motar majigi takan zo da yardar En'e, hakimi ya sa dagatai su tara jama'a, a kafa farin ƙyalle, mai fassara yana bayani kan tsabta ko noman gyaɗa. Manomi a nan ɗalibi ne, ba a tambayarsa abin da ke cinsa. Siliman birni kuma ba ta yi farin jini ba wurin dattawa, balle bayan gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331 a Kano.

Labarin da ya haɗa abubuwan nan uku ya fito ne daga hannun saurayi sabon fita daga Kwalejin Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga littafinsa Shaihu Umar cikin 1934. Uban yaro ya rasu, hassadar fadawa ta sa aka kori mijin uwarsa, aka sace yaron, uwa ta fita nemansa ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai dab da ajalinta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim cikin 1976. Da kaset ɗin bidiyo ya zo, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya cikin 1990, amma kasuwar da ta biyo baya ta fi karkata ga soyayya da waƙa. Tun 2001 kuma akwai hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a kan hanya.

To, me ya sa karkarar nan ta dace da irin wannan labari? Amsar tana cikin gandu. Inda ƙasa ta yi ƙaranci, rasuwar maigida ba makoki kaɗai take kawowa ba. Bayan sadakar arba'in sai rabon gado, gonar da ta ci da gida guda a yanka ta gunduwa-gunduwa, wani ya jinginar da rabonsa, wani ya tafi cin rani bai komo ba. Polly Hill ta bayyana irin wannan matsi a littafinta na 1977, bisa binciken da ta yi a Ɗorayi. Farin 1973 ya ƙara tsananta shi, haraji kuwa yana wuyan talaka har 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali. Wanda kakansa ya ga wannan ba ya bukatar aron baƙin ciki daga ƙetare.

Saura maganar harshe, wadda ita ce ta fi shafarmu. Bahaushe ba ya cewa mahaifinsa ya mutu, sai ya ce ya rasu, ko Allah ya yi masa cikawa. Uwa ba ta ambatar sunan ɗan farinta, mai takaba kuma takan yi wata huɗu da kwana goma maganarta ƙasa-ƙasa. Gaban hakimi, “ranka ya daɗe” na iya zama biyayya, na iya zama ƙorafi, sai murya ta raba. Ɗalibin da ya sa bazawara tana zayyana ciwon zuciyarta dalla-dalla ya fassara wasan wata al'umma ne. Fim na minti goma ya fi kowane iri dacewa da alkunya, domin shiru da sunkuyar da kai suna ɗaukar abin da baki ya ƙi faɗi.

Saboda haka shawarata ga malaman kwalejojin horon malamai, su tura ɗalibai ƙauyukansu lokacin hutu, su zauna wurin zaman makoki da rabon gona da izinin masu abin, su rubuto maganar kamar yadda aka faɗe ta, kafin su ɗauki kyamara. Tsofaffin da suka ga majigi da zamanin haraji suna ƙarewa, abin da ba a ɗauka daga bakinsu yanzu ba kuwa ya tafi ke nan.