Koyar da lissafi ta hanyar wasa a firamare: yadda tsarin yake, da inda yake cin tura

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a shekarar 2021 ya gano cewa kusan kashi 25 cikin 100 ne kacal na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 suka iya lissafin tushe. Ma'aunin da aka yi amfani da shi ba mai tsanani ba ne: yaro ya karanta lambobi, ya gane wadda ta fi girma, ya tara ƙananan lambobi, ya cike gurbi a jeri. Aikin aji biyu ne zuwa uku, amma uku cikin kowane yara huɗu sun kasa, kuma da yawansu suna zuwa makaranta kullum.

Daga cikin magungunan da ake tallatawa akwai koyar da lissafi ta hanyar wasa. Kalmar tana da daɗin ji a bakin jami'ai da masu ba da tallafi, shi ya sa ya kamata a san abin da take nufi, da abin da bincike ya tabbatar a kanta.

Me ake nufi da wasa a darasin lissafi?

Abin da ake nufi shi ne aikin da ke da doka da manufa, wanda yaro ba zai ci nasara a cikinsa ba sai ya yi lissafi da hannunsa ko da kansa. Tafi da tsalle da rera jadawalin sau suna raya aji, amma yaro na iya yin su shekara guda bai san me 7 sau 8 ke nufi ba.

Misalin da ya fi bayyana bambancin shi ne ɗaurin tsinke. Ana ba yara tsinken tsintsiya ko karan dawa, su riƙa ɗaure goma-goma da zare ko roba. Lamba 52 ta zama ɗauri biyar da tsinke biyu. Idan aka rubuta wa yaro 52 a ɗebe 27, kuskuren da aka fi gani shi ne ya ba da amsar 35, domin a kowane gida yana cire ƙaramar lamba ne daga babba: 2 daga 7, sannan 2 daga 5. Da tsinke a gabansa wannan kuskuren ba ya yiwuwa. Zai ga tsinke biyu kawai yake da su, bakwai ba za su fita ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya. Sai ya koma da ɗauri huɗu da tsinke goma sha biyu, ya cire bakwai, ya cire ɗauri biyu, ya ga 25 a ƙasa. Abin da malami ke kira “aro”, wanda yara ke haddacewa ba tare da sanin daga ina aka aro ba, ya zama abin da yaron ya yi da yatsunsa. Wasan yana shigowa ne idan aka raba yara rukuni-rukuni: wani ya kira lamba, wasu su yi rige-rigen haɗa ta da tsinke, wani ya rubuta ta a allo, sauran su duba ko daidai ne.

Akwai kuma kasuwar aji, inda ake yanka takarda a matsayin kuɗi, wasu su zama masu saye, wasu masu sayarwa da ba da canji. Akwai da'irar da ake zanawa a ƙasa gida uku, na ɗaiɗai da na gomomi da na ɗaruruwa, a watsa tsakuwa a ciki, kowa ya karanta lambar da ya samu.

Daga Mumbai zuwa Wudil

Tsarin da ya fi yaɗa waɗannan dabaru a makarantun gwamnati shi ne wanda ake kira TaRL a taƙaice, wato koyarwa daidai da matakin yaro. Ƙungiyar Pratham ce ta ƙirƙiro shi, wadda aka kafa a birnin Mumbai na Indiya a tsakiyar shekarun 1990. Ana fara gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci: ya san lambobi daga 1 zuwa 9? Ya san masu gida biyu? Ya iya ɗebewa mai aro? Ya iya rabawa? Daga nan sai a raba yaran bisa abin da suka iya, a manta da ajinsu da shekarunsu na kimanin awa ɗaya ko fiye a rana. Ɗan aji shida na iya zama tare da ɗan aji huɗu. Wanda ya ci gaba a ɗaga shi zuwa rukuni na gaba.

Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun shafe shekaru suna gwada tsarin a jihohin Indiya. Zambiya ta ɗauke shi a 2016. A Najeriya an fara gwajinsa a Borno a 2018 da goyon bayan UNICEF, sannan a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA, wanda British Council ta gudanar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, ga 'yan aji huɗu zuwa shida.

Abin da bincike ya nuna

A 2008 masu bincike biyu a Amurka, Robert Siegler da Geetha Ramani, sun sa yara 'yan gidajen talakawa buga wasan allo mai gidaje goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10. Zama huɗu na kusan minti 15 kowanne ya inganta ƙirgarsu da gane girman lamba. Yaran da suka buga irin wasan a allon da ke da launuka maimakon lambobi ba su ƙaru da komai ba. Ko siffar allon tana da tasiri: a gwaji na gaba, allo mai da'ira bai kai miƙaƙƙe amfani ba.

Darasi mafi ɗaci ya fito daga Delhi. A wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017, an yi gwaji da yara fiye da 1,500 na makarantun share fage, inda aka sa wasu daga cikinsu yin wasannin kwatanta yawa da siffofi na tsawon wata huɗu. Sun ƙware a wasannin, ƙwarewar ta kuma ɗore, amma da suka shiga firamare ba su fi sauran yara iya lissafin makaranta ba. Wasannin ba su haɗa abin da ido ke gani da lambar da ake rubutawa ba.

Wani binciken da mujallar Nature ta buga a 2025 ya zo da ɗaya fuskar matsalar. Yaran da ke sayar da kaya a kasuwannin Kolkata da Delhi suna lissafa kuɗin kaya da canji da ka cikin sauri, amma mafi yawansu sun kasa irin wannan lissafin da aka rubuta shi yadda yake a littafi. 'Yan makarantar da ba sa kasuwanci kuma sun iya na littafin, sun kasa na kasuwar. Duk wanda ya taɓa ganin 'yar talla ta ba da canjin dubu ɗaya ba tare da ta yi kuskuren naira biyar ba, alhali a aji ana lissafa ta cikin daƙiƙai, ya san wannan labarin. Aikin wasa shi ne ya haɗa waɗannan ilimomi biyu, kuma hakan ba ya faruwa sai an rufe kowane zagaye da rubuta abin da aka yi: 52 a ɗebe 27, saura 25.

Harshe ma yana da hannu. Ƙirgar Hausa tana faɗin ginin lamba a fili, “goma sha ɗaya”, “ashirin da uku”, inda kalmomin Turanci na 11 da 12 ba sa nuna goman da ke cikinsu. Malamin da ya hana yara ƙirga tsinkensu da Hausa ya jefar da kayan aikin da bai saya da ko kwabo ba.

Inda gizo ke saƙa

A jihohin Bihar da Uttarakhand na Indiya an horar da malamai, an raba kayan aiki, amma a lokacin zangon karatu sakamakon bai taka kara ya karya ba, domin malaman sun koma bin manhaja shafi-shafi, wadda ita ce masu duba makarantu ke tambaya. An ga canji ne a Haryana, inda gwamnati ta ware awa guda a jadawali, ta kuma sa jami'an da suka gwada koyarwar da kansu su riƙa zagayawa suna taimaka wa malamai. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi tsada, kuma shi ne ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Rabon akwatunan kayan wasa yana da kwangila da bikin ƙaddamarwa. Kuɗin man babur na jami'in da zai je makarantar ƙauye sau biyu a wata ba shi da ko ɗaya.

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A makarantun gwamnati da dama na biranen Arewa aji guda yakan haura ɗari, kuma raba irin wannan taro rukuni-rukuni na buƙatar fili da ƙarin hannu. Akwai kuma ilimin malamin kansa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 daga cikin kusan 33,000 sun kasa samun kashi 75 a jarrabawar matakin aji huɗu. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka yi gwajin, amma tambayar da ya tayar tana nan: wanda bai fahimci dalilin kwance ɗauri ba, ba zai iya nuna wa yaro ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, kuma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi. An sha samun jihohin da suka bar biliyoyin naira a asusun hukumar saboda ba su biya nasu ba. Don haka idan wata jiha ta sanar da shirin koyar da lissafi ta wasa, abin da za a nema a wurinta shi ne sakamakon gwajin yaran kafin a fara da bayan an gama, sa'ar da aka ware a jadawali, da layin kasafin da zai biya masu zagayen makarantu bayan masu tallafi sun tafi.