Madatsar ruwan Markala: tsohon ginin da ke ciyar da Mali

Madatsar ruwan Markala tana kan kogin Isa, wanda ake kira Neja ko Kwara, a yankin Segu na ƙasar Mali, kimanin kilomita 40 arewa maso gabas da birnin Segu. Turawan mulkin mallaka na Faransa ne suka fara gina ta a 1934, aka gama a 1947. Hukumar Office du Niger, wadda aka kafa a 1932 bisa tsarin injiniya Émile Bélime, ita ke kula da ita.

An yi ginin da kankare da ƙarfe. Tsawonsa mita 816 ne, da ƙofofi 488 da ake ɗagawa ko a kwantar gwargwadon cikar kogi. Idan an tashe su da rani, ruwa kan hau da kusan mita 5.5, ya bi manyan hanyoyin ruwa na Sahel da Masina har gonaki, ba tare da injin famfo ba. A saman ginin akwai gadar motoci da ke kai wa Niono.

Burin Faransa shi ne noma auduga domin masaƙunta, tare da shinkafa, a fili kusan hekta miliyan 1. Burin bai cika ba. Yau shinkafa ce kan gaba a kimanin hekta 100,000, sai rake da kayan lambu. Da aikin tilas aka gina madatsar, leburori da dama suka rasa rayukansu, kuma aka kwaso manoma daga nesa, har daga ƙasar Mosi, aka zaunar da su a gonakin.

Markala ta zama wurin shaƙatawa ma. Baƙi kan tsaya kallon ruwa yana kwarara ta ƙofofi, da masunta Bozo a cikin kwalekwale, a sayi ɗanyen kifi a bakin gaɓa. Sai dai wanka kusa da ƙofofin ganganci ne, domin ruwan wurin na juyawa da ƙarfi.

Duk ruwan da aka karkatar a Markala ragi ne ga abin da zai isa Mopti, Tumbuktu, Gao da Yamai, musamman a tsakiyar rani. Shi ya sa batun ke gaban hukumar ABN mai mazauni a Yamai, wadda ta haɗa ƙasashe 9 masu cin moriyar kogin.