Ranar Da Hannun Jari Ya Zama Takardar Tsire

Mai karatu, idan ka yi wayo a shekarar 2005, ba ka manta da guguwar sayen hannun jari ba. A 2004 ne Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya ce dole kowane banki ya tara jarin Naira biliyan 25, abin da ya rage bankuna 89 zuwa 25. Bankuna suka bazama neman kuɗi a rediyo da jaridu. Malaman makaranta, 'yan fansho, 'yan kasuwa, har da matan aure masu adashi, kowa ya sayi nasa. Farashi ya yi ta hawa har zuwa watan Maris na 2008, daga nan kasuwa ta rikito.

Ranar 14 ga Agusta, 2009, sabon Gwamna Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union. A watan Oktoba aka ƙara da Bank PHB, Spring da Equitorial Trust. Babban Banki ya zuba Naira biliyan 620 don kada masu ajiya su yi asara, daga baya ya ba bankunan wa'adin 30 ga Satumba, 2011, su samo sabon jari.

To, ina mafita ga ƙaramin mai hannun jari? Hanyoyi huɗu ne a gabansa, kuma babu mai daɗi a ciki.

Ta farko, ya sayar a kasuwa a kan ko nawa ne, ya rungumi asara. Ta biyu, ya halarci taron masu hannun jari ya amince a haɗe bankinsa da wani. Haka aka yi da Intercontinental da ya shige cikin Access, Oceanic cikin Ecobank, Finbank cikin FCMB. Masu jarin waɗannan an musanya masu da hannun jarin sabon mai gida. Abin da suka samu bai kai abin da suka zuba ba, amma da hanau gara mannau.

Ta uku, kotu. Ƙungiyoyin masu hannun jari sun shigar da ƙararraki suna ƙalubalantar Babban Banki. Sai dai shari'a tafiyar hawainiya take yi, wa'adi kuwa ba ya jiran alƙali. Ranar 5 ga Agusta, 2011, tun kafin wa'adin ya cika, aka soke lasisin Afribank, Spring da Bank PHB. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna uku, wato Mainstreet, Enterprise da Keystone, hukumar AMCON ta mallake su. Mai ajiya ya wayi gari kuɗinsa na nan, alamar ƙofa kawai aka sauya. Mai hannun jari kuwa, aka cire sunan bankinsa daga kasuwar hannun jari, satifiket ɗinsa ya zama takardar tsire.

Saura ta huɗu, jiran rabon abin da ya rage. A nan doka ta jera mutane sahu-sahu: masu ajiya a gaba, sai masu bin bashi, mai hannun jari a can ƙarshe. Dalili kuwa shi ba bashi ya bayar ba, shi ne mai kamfanin. Ya ci riba lokacin da ake samu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Labarin bai tsaya nan ba. An soke lasisin Skye a 2018, na Heritage a 2024, sahun dai bai canza ba. Don haka zaɓin gaskiya yana gabanin rushewa ne: karanta rahoton shekara, halartar taro da yin tambaya, da rarraba jari a wurare daban-daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kyauta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.