Tsatsar Alkama: Daga Sonora zuwa Fadamar Rima

Wanda ya bi ta Kwalkwalawa a tsakiyar hunturu, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da gonar gwaji a bakin fadama, zai iya cin karo da fagagen alkama kore shar, ƙura na kaɗawa a kansu. Da wuya ya kawo a ransa cewa kowane ganye a wurin yana ɗauke da gadon wani yaƙi da aka kwashe fiye da shekara ɗari ana gwabzawa a ƙasashen da manomin bai taɓa takawa ba.

Alkama ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Sunanta daga Larabci ya zo, kuma tun kafin Turawa ana nomanta da rani a ƙananan fagage, ana yin alkaki da funkaso a gidajen masu hali. Abin da ya canza a shekarun 1970 shi ne girman buri. Burodi ya mamaye birane, gwamnati ta gina madatsar Bakolori a 1978, Goronyo ta biyo baya, da fatan alkamar gida za ta maye gurbin ta Amurka. Manoman Bakolori sun biya da filayensu, wasu ma da rayukansu a watan Afrilun 1980, amma wannan labari ne mai zaman kansa. Irin da aka kawo wa sababbin filayen, kamar Siete Cerros, daga baya kuma Seri 82, asalinsa daga Meziko yake, daga cibiyar CIMMYT inda Norman Borlaug ya yi aiki. Shi kuwa Borlaug, kafin duniya ta san shi da gajeriyar alkama mai yawan tsaba, cutar tsatsa ce ta cinye masa shekarun farko.

Tsatsa kala uku ce: ta kara, ta rawaya mai jan layi, da ta ganye. Ta ganyen, wadda masana ke kira Puccinia triticina, ta fi sauran yaɗuwa a duniya. Dangin fumfuna ce. Iska ke ɗaukar ƙurarta ta sauke a kan ganye. Idan raɓa ta kwana a kansa sa'o'i kaɗan, sai ta tsiro ta shige ta ƙofofin numfashin ganyen. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma, ɗigo-ɗigo masu launin tsatsar ƙarfe su ɓullo, kowanne na fitar da dubban ƙwayoyi. Ba ta cika kashe shuka ba. Tsotse ta take yi, tsaba ta fito a ƙanjame.

A 1905 Rowland Biffen na Kambirij ya nuna cewa juriyar alkama ga tsatsa gado ce, tana bin ƙa'idar Mendel. Daga nan masu haɗa iri suka shiga farautar ƙwayoyin gado masu kariya. Na tsatsar ganye ana yi musu laƙabi da Lr, kuma yau an lissafa fiye da 80. Sai dai Harold Flor ya gano inda gizo ke saƙa: kowace ƙwayar kariya alama guda take ganewa a jikin cutar. Ran da cutar ta sauya alamar, mai gadi na tsaye a ƙofa ɓarawo zai wuce. Haka ta faru a kwarin Yaki na Sonora a kakar 1976 zuwa 1977, lokacin da tsatsa ta far wa irin Jupateco 73 da ya mamaye gonaki, har aka koma feshi da jiragen sama. Fakistan ta sha nata a 1978. Shi ma Seri 82 da ya iso mana yana ɗauke da Lr26, wadda aka aro daga wani hatsi ɗan uwan alkama ta hanyar irin Kavkaz na Rasha. Da aka shuka ta ko'ina, cutar ta koyi tsallake ta.

A ganina babin da ya fi daɗi shi ne na Frontana, wani irin Barazil na farkon shekarun 1940. Yana kamuwa da tsatsa, amma a hankali: ɗigon ya makara, ya fito ƙanana, kafin ya yi ɓarna an yi girbi. Sirrinsa Lr34 ce, wadda sai a 2009 aka gano ainihin tsarinta. Ba ta jiran gane fuskar abokin gaba, shi ya sa shekara tamanin ba su karya ta ba. Alamarta a gona ita ce bushewar bakin ganye, abin da wanda bai sani ba zai ɗauka ƙishin ruwa ne. Sanjaya Rajaram da abokan aikinsa suka ɗora shirin CIMMYT a kan tara irin waɗannan ƙanana guda huɗu ko biyar a iri ɗaya, ciki har da Lr46 ta Pavon 76.

To, ina Sakkwato a nan? Gaskiya busasshiyar iskar hunturu ta daɗe tana yi mana gadi kyauta, domin inda raɓa ta yi ƙaranci tsatsa ba ta sakewa. Babban maƙiyin alkamarmu zafin Maris ne, kuma juriyar zafi ce Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, mai alhakin alkama a Najeriya, ta fi nema. Amma lissafin na iya sauyawa. An fara gwada alkamar damina a tsaunukan Jos da Mambila, inda sanyi da laima ke haɗuwa. Tsatsa ba ta rayuwa sai a kan ɗanyen ganye, kuma dogon gibin da ke tsakanin girbin Maris da shukar Nuwamba yana yi mata yunwa. Idan alkamar tudu ta cike gibin, cutar ta sami inda za ta yi damina, ta jira fagagen rani. Manomin Wurno da ya karɓi buhun iri a shirin tallafi yana duba sunan irin da nauyinsa. Ko Lr34 ce a ciki ko kariya mai saurin karyewa irin ta Jupateco, wannan ba a rubuta shi a jikin buhu.