Hanyar Takoradi: yadda jiragen yaƙin duniya na biyu suka riƙa ratsa ƙasar Hausa

Idan ana maganar yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila, hankalin mutane ya fi tafiya Turai. To amma akwai wani babi da ya gudana a maƙwabtanmu. Daga 1940 zuwa 1943, jiragen yaƙi fiye da 5,000 sun tashi daga gaɓar teku a Gwalkwas, wato Gana ta yau, sun yada zango a Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, kafin su isa fagen daga a Masar da Libiya. Wannan ita ce ake kira hanyar Takoradi.

Me ya sa aka buɗe ta

Ranar 10 ga watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, kuma ranar 22 ga watan Faransa ta sa hannu kan tsagaita wuta. Daga nan tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojojinta da ke Masar suna buƙatar jiragen sama, amma idan aka loda su a jirgin ruwa sai an zagaye Afirka ta can ƙasan kudu, tafiyar makwanni da yawa.

Sai aka yi dabara. A kawo jirgin sama a wargaje cikin manyan akwatunan katako zuwa tashar ruwan Takoradi, a haɗa shi a can, sannan a tuƙa shi ya keta nahiyar. Hanyar ma ba sabuwa ba ce ɗungurungum. Tun Nuwamba 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Kartum da Kano.

Saura matsala guda: tsakanin Najeriya da Sudan akwai Cadi, ƙasar da Faransa ke mulki. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyane, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle. Wannan mataki ne ya buɗe filin jirgin Fort-Lamy, Njamena ta yanzu. Mu kuwa a nan Nijar, hukumar mulkin mallaka ta tsaya ne tare da gwamnatin Vichy har zuwa Nuwamba 1942. Ke nan shekara biyu cur, Kano da Damagaram suna ɓangarori biyu daban, kuma matuƙin da ya karkata arewa fiye da kima yana iya samun kansa a ƙasar da ba ta maraba da shi.

Yadda tafiyar take

Ayarin farko ya bar Takoradi cikin Satumba 1940: jirgi ɗaya samfurin Blenheim a gaba, Hurricane shida a biye. Tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 6,000, ana cinye ta cikin kwana shida ko kusa da haka idan komai ya tafi daidai. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort-Lamy, sai El-Jinaina da El-Fashir a Darfur, sai Kartum, daga nan a bi kogin Nilu har Masar. Duk wanda kakansa ya je Makka da ƙafa zai gane waɗannan sunaye, don kusan ita ce hanyar da alhazanmu suka daɗe suna bi.

Jiragen da mutanen cikinsu

Hurricane jirgin farauta ne mai inji ɗaya ƙirar Rolls-Royce Merlin, gudunsa ya zarce kilomita 500 a awa, kuma samfurin farko na ɗauke da bindigogi 8 a fukafukai. Mutum ɗaya ne a ciki: shi ne matuƙi, shi ne maharbi, shi ke duba taswira a kan cinyarsa. Da yake tankinsa ba ya kai shi nesa, sai an ƙara masa wasu tankuna kafin ya kama wannan hanya.

Blenheim kuwa na jefa bama-bamai ne, injinsa biyu, mutanensa uku: matuƙi, da mai nuna hanya wanda kuma shi ke sakin bam, da mai kula da rediyo wanda kuma shi ke riƙe da bindigar baya. Shi ya sa ake sa shi gaba kamar madugu. Babu tauraron ɗan adam a lokacin. Mai nuna hanya yana aiki ne da kamfas da agogo da taswira: ya san gudun jirgi, ya ƙiyasta ƙarfin iska, ya lissafa inda suke. In ya yi kuskure kaɗan, ayari duka ya ɓata tare da shi. Daga baya jiragen Amurka irin su Tomahawk da Kittyhawk su ma sun bi hanyar.

Da yawa daga matasan da ke tuƙa jiragen Ingila a wannan yaƙi ba a Ingila aka horar da su ba. A ƙarƙashin wata yarjejeniya ta Disamba 1939, Kanada kaɗai ta yaye ma'aikatan jirgi sama da 130,000, ban da makarantun Afirka ta Kudu da Rodeshiya. Ana fara koyo da ƙaramin jirgi mai suna Tiger Moth, a wuce zuwa Harvard, sannan a ba mutum jirgin yaƙi. A hanyar Takoradi har da matuƙa ƴan Poland, waɗanda Jamus ta mamaye ƙasarsu. Sai sun kai jirgi Masar, a dawo da su cikin jirgin jigila su ɗauki wani.

Abokan gabar da ba su da bindiga

Abin da ya fi wahalar da su shi ne abin da mu muka saba da shi. Da hunturu hazo ya rufe ƙasa, matuƙi ba ya ganin gari ko kogi. Da damina hadari ya taso ya tare hanya, filin sauka ya zama taɓo. Rairayi yana cin inji, har sai da aka liƙa wa jiragen matatar iska a ƙarƙashin hanci. Ga zazzaɓin cizon sauro. Jirgi kan isa Masar a gajiye, sai makanikai sun sake duba shi kafin ya shiga faɗa. A ƙasa kuma, leburorin Afirka ne suka share filaye, suka gina rumfuna, suka yi dakon gangunan mai.

Lokacin da yaƙin ya iso Cadi

Daga Cadi ne Kanar Leclerc ya tashi da ƴan ɗaruruwan sojoji, akasarinsu ƴan Afirka, ya kama Kufra a kudancin Libiya ranar 1 ga Maris 1941. Jiragen Blenheim na Faransawan de Gaulle ne suka kai hare-haren share fage. Ɗaya daga cikinsu ya ɓace a hamada cikin Fabrairu 1941, ba a gano shi da gawarwakin mutanensa uku ba sai a 1959.

Jamusawa ma sun gane darajar hanyar. Cikin Janairu 1942 wani jirginsu guda, Heinkel 111, ya taso daga Libiya ya keta Sahara ya jefa bama-bamai a filin Fort-Lamy, ya ƙone mai mai yawan gaske. A kan hanyar komawa man shi kansa ya ƙare, ya sauka a daji, sai bayan kwanaki aka ceto mutanensa.

Abin da ta haifar

Jiragen da suka bi ta Kano sun ƙarfafa rundunar saman Ingila ta hamada, wadda tun 1941 ke hannun Coningham, shi dai wancan da ya fara sauka Kano. Da taimakon rundunar aka karya sojojin Rommel a El-Alamein cikin Oktoba da Nuwamba 1942. A watan Mayu 1943 yaƙin Arewacin Afirka ya ƙare a Tunisiya, Bahar Rum ya sake buɗewa, hanyar Takoradi ta fara ja da baya.

Amma filayen sun zauna. Na Kano shi ne yau filin jirgin Malam Aminu Kano, na Fort-Lamy kuma shi ne na Njamena. Masu sauraronmu da suka taɓa jin wani tsoho yana ba da labarin aikin filin jirgi ko dakon mai a zamanin Hitila, muna so su aiko mana, mu sa a shirinmu na tarihi.