Kwarin Mezkital da Ruwan da Birni Ya Zubar

A watan Maris na 1900, shugaban Meziko, Porfirio Diaz, ya ƙaddamar da babbar magudanar da aka haƙa domin fitar da ruwa daga babban birnin ƙasar. Duwatsu ne suka kewaye birnin, ruwa ba shi da mafita, ambaliya kuma ta daɗe tana addabar mazauna. Magudanar ta ratsa ƙarƙashin duwatsun, ta kai ruwan kwatamin birnin arewa, zuwa kwarin Mezkital na jihar Hidalgo, busasshiyar ƙasar al'ummar Otomi.

Wajen 1912 aka fara shayar da gonaki da wannan ruwa, ba tare da an tace shi ba. Ga manomi, ruwa ne da taki a lokaci guda, kuma wanda ya san lambunan bakin Jakara a Kano zai gane lissafin. Masara da ciyawar dabbobi suka yi yabanya, har filin ya kai kusan hekta 90,000. Ruwan da ya wuce saiwa kuwa ya nutse, ya cika rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa, sababbin maɓuɓɓugai suka ɓullo. Daga nan dubban ɗaruruwan mutane suke sha.

An tsara wannan duka ne kafin zamanin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Sai a 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin, kuma sai a shekarun 1940 ya yaɗu. Jiki ba ya narkar da irin waɗannan magunguna gaba ɗaya. Wani kaso yana fita ta fitsari da bayan gida, ya bi kwatami zuwa gona.

An daɗe ana ɗaukar ƙasar kwarin a matsayin matata, kuma da gaskiya a ciki, domin tana tsare ƙazanta mai yawa. Amma ba kowane magani take riƙewa ba. Ciprofloxacin yana manne wa ƙasa, ya taru shekara bayan shekara. Sulfamethoxazole, ɗaya daga sinadarai biyu na Septrin, yana bin ruwa ya gangara, har masu bincike suka same shi a rijiyoyi da maɓuɓɓugan yankin. Yawansa bai kai ya warkar ko ya kashe ba, kuma nan ne damuwar take: ƙwayar cutar da ta daɗe tana haɗuwa da ɗan magani na iya rikiɗewa ta daina jin sa.

Fiye da ƙarni guda bayan buɗe magudanar, katafariyar matatar Atotonilco ta fara aiki. Manoma da yawa ba su yi maraba da ita ba, domin tataccen ruwa ba shi da takin da suka saba samu kyauta. Matatar kuma an gina ta ne domin rage ƙazanta da ƙwayoyin cuta. Ragowar magunguna ba ta cikin ainihin aikin da aka ɗora mata.